Hasashen Nomau Mai Faci

Gobe za su hau tuddai,
Tsahiru ya nuna mini zanen hanyar a wayarsa:
tudu biyar a jere,
kamar haƙoran zarto da aka kwantar.
Na goge baƙin mai a gefen wando, na duba,
ni da ban taɓa ganin dutsen
da ya fi tankin ruwan unguwarmu ba.

Amma na san tudu.
Shekara goma sha tara ina hawowa daga Gulbi
da kwando biyu na tumatir a bayan keke.
Na san inda cinya take fara ƙarya,
na san inda sarƙa take kuka kafin ta tsinke.
Tudu tudu ne, ko a Maraɗi ko a ƙasar ƙanƙara,
ba ya tambayar sunan uban kowa.

To, ku saurara.
Kafin a ci kilomita ashirin
wasu bakwai ko takwas za su ɓalle,
yaran da ba a san sunansu ba,
masu son uwayensu su gan su a tele.
Ayari zai ƙyale su.
Akuya mai doguwar igiya tana ganin ta kuɓuta
har sai turke ya yi magana.

Tudu na farko ba ya kashe kowa.
Na biyu rariya ne,
zai tankaɗe ƙattan nan masu ƙirjin sa
waɗanda ba su da gwani a shimfiɗaɗɗen fili.
Za ku gan su a baya, baki buɗe,
suna lissafin agogo.
A na uku ruwan gora zai ƙare,
bakwai ɗin nan za su koma biyu,
biyun ma ba sa ga maciji da juna.

Tsahiru ya ce mai rigar ruwan ɗorawa zai lashe.
Yaro man kaza.
Jiya ya ƙone mataimakansa huɗu a iska,
gobe wa zai tsaya masa gaba?
Ni idona yana kan gajeren nan mai koren kwano.
Kwana takwas bai fito fili ba,
kullum a bayan wani, kullum yana tauna wani abu.
Wanda ya ɓoye hatsinsa tun kaka
shi ke dariya a bazara.

Ba a na huɗu zai tashi ba, a'a,
nan kowa yake jira.
Zai bari a kai ƙololuwa,
lokacin da hannu ya tafi aljihu neman abin ci,
sai ya sunkuya ya faɗa gangara.
Gangara ce ke raba jarumi da mai iyali.
In an yi yayyafi, kwalta ta yi santsi,
sai dai su hangi bayansa a kwana ta gaba.
Na biyar gajere ne, amma a miƙe yake
kamar bashin da aka zo karɓa da safe.
In ya kai gindinsa da daƙiƙa arba'in, an gama.
In talatin ce, ban ce komai ba.

Arzika mai shayi ya tuntsire da dariya:
“Bara ma haka ka ce,
mutumin naka ya ƙare a cikin ciyawa.”
Haka ne. Dutse ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa
ya isa ya rushe duk ilimina.
Duk da haka ka ajiye mini benci na gaba,
kuma ka sayi man janareta,
kada wuta ta ɗauke a tudu na huɗu kamar ran Talata.

Yanzu ku matsa.
Ga yarinyar Hajo da tayar baya a sace,
kuma rana ta kusa faɗawa Gulbi.